Shirun da Na Taya Malam Bulus

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Bulus, abokina kuma abokin aikina. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin labarin ba ya faɗuwa ba tare da na ambaci laifina ba.

Batangale ne daga wajen Billiri. Mun haɗu a wata makarantar sakandare a nan Gombe, shi yana koyar da lissafi, ni Hausa. Gidansa na unguwar Madaki, nawa na unguwar Dawaki, kuma kusan shekara goma sha biyar shi ke biyowa ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Ran Sallah a gidana yake cin tuwo, ran Kirsimeti kuwa matarsa, Maman Rifkatu, kan sa a kira ni in yanka musu kaji don in ci hankalina kwance.

Abin ya fara a hankali. Ɗalibai suka soma ƙorafi cewa Malam ba ya kiran kowa sai 'yan tsakiyar aji, waɗanda ke gefen taga ko sun yini da hannu a sama ba ya kula su. Muka ɗauke shi wasa a ofishin malamai. Sai kuma ya riƙa bugun kafaɗa da ƙyauren ƙofar da ya shekara da shekaru yana shiga. Sau uku yana canza tabarau a kasuwa, kowanne ya ce bai yi masa ba. Idonsa kuwa fes, babu ja, babu kwantsa, babu ciwo. Ni a lokacin yanar ido kaɗai na sani, wadda ake ganin farinta, sai kuma jan ido na damina. Ban san akwai cutar da ke cin gani daga gefe ba tare da ta nuna kanta ba.

Wata ranar Laraba muna dawowa, mai keke ya fito ta hagunmu, Bulus bai ko rage gudu ba. Allah ya kiyaye, ƙafata kawai ta ƙuje. Da muka tsaya gefen titi sai ya ce, “Sani, kamar ta cikin bututu nake kallon duniya. Kada ka gaya wa kowa.”

Saura shekara biyu ya yi ritaya, yana tsoron a sallame shi kafin lokaci a ce ya nakasa. Na yi masa alkawari, kuma na cika shi fiye da yadda ya kamata. Na karɓi tuƙin babur, na ce wa mutane bayansa ke ciwo. Na matsar da teburinsa kusa da ƙofa. In za mu sauka matakala nakan dafa shi kamar hira ce ta yi daɗi. Ranar da Maman Rifkatu ta tare ni a zaure ta tambaye ni ko na lura da wani abu game da idon maigidanta, na dube ta na ce gajiya ce kawai. A zuciyata ina ganin amana nake riƙewa.

Sai bayan ya yi ritaya ya yarda muka je asibitin ido. Likitar ta gwada shi ta ce hawan jinin ido ne, wanda suke kira gilakoma. Ta yi mana bayani cewa abin da ya tafi ba ya dawowa, amma da an zo da wuri, maganin ɗigawa kan tsare abin da ya rage. Sannan ta tambaya ko babu wanda ya lura tun farko. Ina zaune a gefensa. Bulus ya ce babu.

Bai cika shekara ba ganin ya ɗauke gaba ɗaya. Ya yi shekara huɗu a haka kafin wata rashin lafiya dabam ta ɗauke shi. Kowace Asabar nakan je in karanta masa jarida, yana gyara mini lissafin da 'yan siyasa suka yi ba daidai ba. Ko sau ɗaya bai taɓa tuna mini da maganar ba, kuma wannan ya fi yi mini nauyi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ana yawan maganar cutar a rediyo, matasa na duba alamominta a waya. Na tabbata zai yi dariya ya ce duk da haka mutum ba zai je ba sai an ja shi. Abin da zai faranta masa shi ne 'ya'yansa: da suka ji cutar na bin jini, duk huɗun suka je gwaji. An same ta a idon Rifkatu tun tana farawa. Tana ɗiga magani safe da yamma, kuma da kanta take tuƙa motarta zuwa aiki.

Abin da ya bari ke nan, da ɗaliban da har yau in sun gan ni sunansa suke fara ambata. A wurina kuma ya bar wani hali da ba kowa ke so ba: in na ga mutum yana laluben matakala ko yana juya kai gaba ɗaya don ya ga na gefensa, ba na yin kara.

Watan jiya na je Madaki na gaya wa Maman Rifkatu cewa ƙarya na yi mata a zaure. Ta ci gaba da tsince shinkafarta, can ta ɗago.

“Na sani, Malam Sani,” in ji ta. “Ni ma na gani. Jira nake ka faɗa, don maganarka kaɗai yake ji.”

Allah ya ba Bulus hutawa, mu kuma ya yafe mana.