Rigar da Ba a Rage Ba

Duk lokacin da na tuna kasuwar Dutsin-Ma ta shekarun tamanin, mutumin nan nake gani a ƙofar shagon Cornelius tela. Ƙofar tana da faɗi, amma sai ya karkata kafaɗa yake shigowa a gicciye, irin shigar masu ƙiba. Alhali siriri ne. Babbar riga tana reto a jikinsa, fatar wuyansa ta saki, zobensa na azurfa an naɗe shi da zare don kada ya zame.

Cornelius ya raɗa mini cewa dillalin shanu ne daga Birchi, an yi masa aikin rage tumbi a Ingila don ƙiba ta kusa kashe shi.

Yana zaune a tsakiyar benci da gwiwoyi a ware, kamar har yanzu akwai tumbin da zai ajiye a tsakani. Duk wanda ya leƙo sai ya ce, "Sannu Alhaji, ya jiki?" Yana amsawa a gajarce, ido a ƙasa. Ina jin likitocin sun auna komai nasa, ban da abin da gaisuwar nan take yi masa.

Riguna ya kawo a rage masa. Cornelius na ɗaukar almakashi, sai Alhaji ya janye wata shuɗiya da ta koɗe.

"Maigida, wannan bar ta yadda take. Tsohuwata ba ta gani sosai yanzu. Da faɗin rigar nan take gane ni ne na shigo."