Abin da Yaya ya goge

Yayana malamin firamare ne, ko in ce a da. Fiye da shekara ashirin yana koya wa 'yan aji huɗu lissafi, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa ya san sunan da ake kiransa da shi a bayan ido: Malam Tsaf. Ni da nake ƙanwarsa na san ba a yi masa ƙage ba. Mutum ne da ko takardar magani zai ninke sai ya daidaita bakinta. A ajinsa yaro ba ya miƙa aiki da kuskure a jiki. Ka fara da fensir a hankali, in ka tabbatar ka bi kai da biro, sannan ka goge fensirin. In lissafin ya ƙi fita, ka goge shi tas, don a wurin Yaya farar takarda ta fi mai ƙazanta mutunci. Da bulala aka koya masa haka, shi kuma ya koyar ba bulala, amma ya riƙe abin kamar addini.

Ni tela ce, shagona yana kan titin da ya bi ta gaban makarantarsu. Zuciyata a kusa take, tasa kuwa sai an yi tafiya kafin a same ta. Shi ya sa duk abin da ya kamata ya ɓata masa rai, ni nake taya shi fushin.

Ana nan sai hukumar makarantar ta fito da sabuwar doka. Duk malamin da ba shi da digiri an ba shi wa'adi ya samo, in ya kasa ya ba mai shi wuri. Yaya bai yi gunaguni ba. Ya shiga kwaleji, karatun ƙarshen mako, ya zauna da furfurarsa cikin yaran da ya isa ya haifa. Darasi bayan darasi yana haye su, har ya zo kan wanda ake kira kalkulas.

Na taɓa tambayarsa mene ne wannan abu da ya sa wuyan rigunansa ya yi masa yawa. Ya ce lissafi ne na auna yadda abu ke canzawa, kamar gudun mota a daidai lokacin da ka kalle ta.

Na ce, "To Yaya, mai koya wa yara lissafin biyu sau uku, ina ruwansa da gudun mota?"

Ya ce, "Haka tsarin yake."

Malamin darasin matashi ne, kuma tun ranar farko ya faɗa musu yadda yake rabon maki. Aikin gida goma, gwaje-gwajen aji talatin, babbar jarrabawa sittin, da arba'in ake hayewa. Ya ƙara da cewa a kowace tambaya amsar ƙarshe maki kaɗan gare ta, hanyar da aka bi ita ce mai tsoka. Ko ka ɓace a tsakiya ka bar abinka yadda yake, zai ba ka makin iya inda ka kai. Yaya ya ji, har ya rubuta maganar ya ja mata layi da rula.

Aikin gida kam ba a magana. Yana da lokacinsa, ya yi da fensir, ya sake, ya bi da biro, har malamin yakan ɗaga takardarsa ya nuna wa 'yan aji. Amma aikin gida maki goma ne kacal. A ɗakin jarrabawa agogo ba ya jiran mai rula. Kafin ya kammala tambaya biyu ya goge fensirinsu, yara sun yi wa biyar kaca-kaca, rabi daidai rabi shirme, suna kwasar makin rabin. Ya faɗi karon farko, ya maimaita, ya sake faɗi. A dokar kwalejin wanda ya faɗi darasi sau uku ya gama yawo, ga wa'adin hukuma ya zo wuya.

Bayan faɗuwa ta biyu malamin ya kira shi ya ce ya bar fensir a gida, ya rubuta da biro kai tsaye, in ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai ya ci gaba. Yaya ya gwada, a shagona ma ya gwada, a kan teburin da nake yankan yadi. Ina kallonsa ya yi layi huɗu, ya ga ya kauce, ya ja layin kamar yadda aka ce. Sai ya tsaya yana kallon takardar kamar an zuba masa miya a farar riga. Can ya yage shafin ya ninke shi ya sa a aljihu.

Na ce, "Yaya, ni fa in na ɓata ɗinki, farkewa nake in gyara, ba na ƙona yadin."

Ya yi murmushi ya ce ɗinki daban, ilimi daban. Raina ya ɓaci sosai ranar, don na ga mutum yana tafiya zuwa rami da takalminsa a goge.

Ranar jarrabawa ta uku muka haɗa baki da matarsa. Yana wanka ta buɗe jakarsa ta cire magogin fensirinsa. Fensirin muka bar masa don kada ya gane tun a gida. Na wuni ina ɗinki da farin ciki, ina ganin mun yi dabara.

Da sakamako ya fito, talatin da shida ya samu.

Ban yarda ba. Na ce wannan yaron malamin wani abu yake nema a hannun Yaya, kuma ni zan je in ji ko nawa ne. Na rufe shago na bi shi kwalejin, yana ta roƙona kada in ɗaga murya. Ofishin ɗan ƙarami ne, takardu a ɗaure har kan kujera, sai da malamin ya kwashe wasu muka sami wurin zama. Ban gama gaisuwa ba na fara zuba. Ya bar ni na ƙare, sannan ya zaro takardar Yaya daga wani ɗauri ya buɗe mana.

Tambaya uku ya amsa, rubutun kamar na inji, jan biro ya ba su makinsu cif. Sauran shafukan fari fat. Malamin ya tashi ya je bakin taga, ya karkata wani shafi wajen haske, ya ce mu matso. Sai ga sawun fensir ya fito a jikin takardar, layi bisa layi har kusan ƙasa, duk an goge.

Ya ce, "Baba, ba takardar da na daɗe a kanta kamar taka. Nan ka fara daidai. Layi na biyu daidai, na uku ma ina jin daidai ne. Da ka bar min wannan shafin kaɗai, da ka haye."

Yaya ya ce, "Ai ba ta fita ba, ranka ya daɗe."

"Ban ce sai ta fita ba."

"To ta yaya zan miƙa maka abin da na san ba daidai ba ne?"

Na juya na ce, "Yaya, da me ka goge? Magoginka yana gida."

Bai kalle ni ba. Ya ce yarinyar da ke kusa da shi ce ta ara masa.

Duk da haka ban saki ba. Na ce wa malamin tunda ga shi yana gani da idonsa, ya ba shi makin mana, wa zai sani? Ya ce akwai mai dubawa daga waje da ke bin takardun bayansa, kuma ba yadda zai sa maki a kan farin shafi. Ya ce ya riga ya je wajen shugaban sashe a kan maganar, an ce masa abin da ɗalibi ya goge ya janye shi ke nan. Na zo da faɗa cike da baki, na rasa wanda zan yi da shi. Yaya ya miƙe, ya yi wa malamin godiya a kan ɗawainiyarsa, muka fito.

Ƙarshen zango aka ba shi takardar sallama, aka ba wata yarinya mai digiri ajinsa. An ce tana da kirki. Ya nemi koyarwa a makarantu masu zaman kansu, duk inda ya je abin da suke fara tambaya ke nan, digiri.

Innarmu ta tsufa, ga hawan jini, har yau ba wanda ya iya faɗa mata. Saboda haka kullum da safe Yaya yana goge rigarsa, ya shiga ɗakinta ya gaishe ta, ya ɗauki jaka ya fito. Shagona yake zuwa. Yana taya ni sa maɓalli, kuma ban taɓa samun mai sa maɓalli kamarsa ba, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan. In an tashi daga makaranta, yara suka fara wucewa ta ƙofar shago, sai ya ajiye allura ya shige bayan labulen da mata ke gwada kaya, ya tsaya a nan har titi ya yi shiru.

Jiya na raka shi gida, muka tarar da Inna a tsakar gida. Ta ce, "Malam, ya yaran naka?"

Ya durƙusa ya ce, "Lafiya lau, Inna. Suna gaishe ki."