Kek ɗin da Ya Tafi Gareji

Tun da likita ya ce hantar mijinta ta tara kitse, wata mai ɗinki ta rage karɓar aiki. Kullum da safe takan niƙa hatsin ots, ta kwaɓa da ayaba da tuffa, ba sukari ba mai, ta gasa masa kek ya tafi da shi garejin da yake aiki. Yakan dawo yana cewa, "Maman yara, Allah ya yi miki albarka."

Ran nan maƙwabciyarta ta shigo baki har kunne. "Yaya, godiya na zo yi. Kek ɗin da maigidanki ke ba nawa a gareji, shi kuma ya ba shi soyayyen namansa, wallahi har tumbinsa ya sauka!"

Ta dubi tabon ƙuna a yatsunta. Ashe duk watannin nan mijin wata take jinya.