Tauraruwar da Kaka Ba Ta Ƙarasa Ba

A Gafati na tashi, gidan kakata. Lokacin girbi, da an yi sallar magariba sai mu hura wutar karan hatsi, mu tura gujiya cikin toka, ita kuma ta jawo mazarinta tana kaɗi. Ba ta iya tatsuniya hannu sake.

Wani dare ta nuna mana Kaza da 'Ya'yanta a sama, ta ce ga ta nan, mu buɗe kunne. Wai a cikin 'ya'yan akwai wata mai rawar kai, ba ta zama, kullum juyi take kamar mazarin nan. Uwar ta yi faɗa har ta gaji. Yarinya ta yi ta juyi har ƙugunta ya baje, tsakiyarta ta yi duhu kamar gindin tukunya, kai da ƙafa kaɗai ke haske. Sai uwar ta aika a dubo ta.

Nan na tsoma baki. Shekarata uku a lakwal, makarantar boko, kaina ya kumbura.

"Kaka, ƙarya ce. Mushe, malaminmu, bai taɓa cewa tauraro na juyi ba."

Ta tsayar da mazarin. "To, maigidana ya yi ilimi. Gobe mushe ya ƙarasa maka."

Sauran yara suka yi ta roƙo, ta ƙi. Ni kuwa girman kai ya hana ni ba ta haƙuri. Ta ba mu wasu tatsuniyoyin bayan haka, wannan dai ba ta sake taɓa ta ba har ta rasu.

Yanzu ni ne mushen, ina koyar da kimiyya a Damagaram. Bara ina shirya darasi na ci karo da hoton wani tauraro. Saboda nisansa madubin hangen nesa ɗaya ba ya ganin fuskarsa, sai an jera da yawa nesa da juna an haɗa haskensu. Ga shi a baje don tsananin juyi, tsakiya dishi-dishi, sama da ƙasa fes. Wallahi nan take na tuna tatsuniyar Kaka. Ban ce Kaka ta san kimiyya ba, mazarinta ta kalla. Amma ni da na ƙaryata ta, me na kalla?

Na ba 'yata Hadiza tatsuniyar, har inda aka aika a dubo yarinyar.

"Sai me ya faru, Baba?"

Na ce ban sani ba. Ni na hana a faɗa.