Baƙin Kare Take Nema

Kowa a asibitin dabbobin nan na Chiang Mai zobban matar yake kallo, ni kuwa ƙafafunta nake kallo. Ta ɗan ɗage su daga ƙasa, kada wani kare ya shinshine ta. Ta haura sittin, gashinta ya sha gyara, ga ambulan ɗin kuɗi a cinyarta. Ina jin ko kyanwa ba ta taɓa kwana a gidanta ba.

Mai duba ne ya turo ta. Wai shekarar nan tana da nauyi, sai ta ceci ran baƙin kare.

Sunisa, ma'aikaciyar jinya, ta nuna mata wanda muka tsinto da safe, babur ya take shi. In ba a yi masa aiki yau ba, ba zai kai gobe ba, ga shi asusun ƙungiyarmu ta ceton karnukan titi babu ko bat ɗaya.

"'Yar nan, wannan ai ja ne."

Sunisa ta ce, "Ranki ya daɗe, jar ƙasa ce. In an wanke shi, baƙi ne wuluk."

Ni da na rungumo shi na san ja ne har fata. Na sunkuyar da kai.

"Babu wani baƙin?"

"Akwai, amma lafiyarsa ƙalau. Ladansa kaɗan ne."

Matar ta miƙa ambulan. "A rubuta sunana daidai, kada ladan ya tafi wurin ƙanwata."

An shige da karen ɗakin tiyata. Ita kuwa ga ta can bakin ƙofa, tana neman ragin bat biyar wurin mai mangwaro.