Ruwan da ya janye ya dawo ya ɗauke Yaya Sani

"Kai, Habu, zo ka ga kifi a banza!"

Yayana Sani ne yake ƙwala mini kira daga kan duwatsun bakin teku. Manomi ne, daga garinmu Dogo ya zo cin rani wurina a Abijan, na kai shi wani wurin shaƙatawa da ake kafa tanti a kwana.

Da hantsi teku ta ja da baya, ta bar ƙananan kududdufai cikin ramukan dutse, cike da kifaye da ƙaguwa. Yaya ya naɗe wando, ya ɗauki bokiti, kamar yadda muke yi a gida in tafki ya fara ƙafewa.

Na ce, "Yaya, mai gadin wurin nan ya ce kada a yi nisa, ruwan yana dawowa."

Ya dubi sama, ya yi dariya. "Ba hadari, ba gajimare? Ruwan da ya janye ai sai wata damina."

Na koma ɗaure igiyar tanti. Da na waiwaya, ruwa ya shafe hanyar da ya bi. Na hango shi tsaye kan dutse na ƙarshe, ya ɗaga bokitin sama. Igiyar ruwa ta zo ta wuce, sai dutsen kaɗai.

Jandarmomi, wato jami'an tsaro, da masunta sun neme shi har sun gaji, ko gawarsa ba a samu ba.

Da na koma Dogo, Inna ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Wa ya yi masa wanka?"

Har yau ban amsa mata ba. Jama'a, in ku ne, me za ku ce mata?