Citta da Ƙafar Mama

A jinjina wa likitocin gidanmu, ba su taɓa rasa magani ba!

A shekarun alif ɗari tara da saba'in, a Kafanchan, ƙafar Mama ta yi sanyi, yatsu suka fara baƙi. Aka yi ta ɗaura mata dakakkiyar citta, har asibiti suka yanke ƙafar.

Bana tawa ta soma. Likita ya zura siririyar waya mai balan-balan cikin jijiyar da ta toshe, ya hura, jini ya wuce. Yatsuna suka yi ɗumi.

Sai ga yayata Saratu da ƙunshin citta.

"Yaya, ai an buɗe jijiyar."

"Miƙo ƙafar dai. Cittar Mama ce ba ta da yaji."

Na karɓa, na zuba a shayi. Yanzu da ƙafata nake zuwa kasuwa, ita kuma tana shelar ta warkar da ni. Cikinku wa zai gaya mata?